Akwatin Kiwon Funfunar Yauƙi: Ya Iya Nuna Halittar, Ya Gaza Ba da Labarin Dajinta

Kamfanonin da ke sayar wa makarantu kayan gwajin kimiyya sun daɗe suna haɗa wani ɗan akwati na kiwon funfunar yauƙi, wata halitta mai rarrafe wadda duk da sunanta ba funfunar gaske ba ce, musamman nau'in nan mai launin rawaya da masana ke kira Physarum polycephalum, kuma a 'yan shekarun nan akwatin ya fito daga ɗakunan gwaji ya shiga gidajen iyaye da na masu sha'awar nazarin halittu. Sunan halittar ya ƙara fitowa bayan da gidan namun dajin birnin Paris ya baje kolinta a shekarar 2019, sannan a 2021 ɗan sama-jannatin Faransa Thomas Pesquet ya yi gwaji da ita a tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, yayin da dubban azuzuwan makarantun ƙasarsa suke maimaita gwajin a doron ƙasa. Na yi amfani da ɗaya daga cikin waɗannan akwatuna har na ga halittar ta farka, ta ci, ta yaɗu, ta yi iri, kuma hukuncina a kansa ya rabu biyu. Ta fuskar kaya da sauƙin aiki, akwatin ya cika alkawarinsa, domin da wuya a sami wani kayan koyo da zai nuna wa mutum ƙwayar halitta guda ɗaya tana tafiya, ya gan ta da idonsa ba tare da na'ura ba. Ta fuskar bayani kuwa, littafin da ke cikinsa ya ƙare ƙarfinsa wajen kambama wayon halittar, ya yi ko-in-kula da rayuwarta ta ainihi a ƙarƙashin ruɓaɓɓen itace, alhali can ne amsar duk wata ɗabi'a da ake gani a faranti take.

Abin da ke cikin akwatin ba shi da yawa. Akwai ƙananan farantan roba masu murfi waɗanda ake hangen cikinsu, da ƙunshin garin aga, wanda ake samu daga ciyawar teku kuma yake daskarewa idan an dafa shi da ruwa ya huce, da ɗan hatsin ot da aka lallatsa, da hantsaki, da bututun ɗiga ruwa, da gilashin ƙara girman abu, da littafin bayani. Ita kanta halittar tana zuwa ne cikin ambulan, a matsayin busasshen ɓawo mai launi tsakanin rawaya da ruwan goro, manne a jikin takardar tace. Wannan ɓawo shi ne yanayin da funfunar ke shiga a daji idan wuri ya bushe a hankali ko sanyi ya kama: takan tattara jikinta, ta rarraba shi zuwa ƙananan ɗakuna masu kaurin bango, ta dakatar da kusan duk ayyukan rayuwa har sai danshi ya dawo. Masana na kiran wannan yanayi sikilerotiyom, kuma idan aka adana shi a busasshen wuri mai duhu yana iya kaiwa shekara ko fiye da ransa. Shawarar aiko da halittar tana barci, maimakon a farke a kan aga, shawara ce ta wanda ya san aikinsa, domin farkakkiyar funfuna ba ta jure jinkirin hanya ko zafin cikin motar kaya, amma busasshen ɓawo yana jurewa, kuma yana ba mai saye damar fara aiki a ranar da ya shirya.

Haɗa agan ba shi da wahala, kuma littafin ya yi kyakkyawan bayani a kan dalilin da ya sa ba a zuba masa wani sinadarin abinci ba: aikinsa shi ne ya riƙe danshi ya kuma zama shimfiɗar tafiya, da an gina shi da abinci kuwa, da bakteriya da funfunar gaske sun riga baƙuwar mamaye farantin. Kuskuren kawai shi ne an ba da awon garin da nauyi, ba a kuma saka ma'auni ko cokalin awo ba, kuma farantan sun yi kaɗan ga halittar da ke cika faranti cikin 'yan kwanaki.

Idan aka ɗora takardar a kan aga, aka ɗiga mata ruwa, aka rufe, aka ajiye a duhu, cikin yini guda ko ƙasa da haka ɓawon yakan yi laushi ya fara malalowa daga gefen takardar. Abin da ke malalowa ɗin ana kiransa filasmodiyom, kuma ya kamata littafin ya faɗa wa iyaye a sarari cewa ba shi da wata alaƙa da ƙwayar cutar zazzaɓin cizon sauro mai irin wannan suna, kuma wannan halitta ba ta jawo wa mutum ko dabba ko shuka cuta. Duk faɗin rawayar da ake gani, ko ta kai tafin hannu, ƙwayar halitta ce guda ɗaya tak, babu bango ko shinge a cikinta, sai dai tana ɗauke da miliyoyin cibiyoyi masu riƙe da bayanan gado suna yawo cikin ruwan jiki ɗaya. Girmanta yana faruwa ne ta rabuwar waɗannan cibiyoyi ba tare da jikin ya rabu ba, kuma suna rabuwa kusan a lokaci guda, sau ɗaya cikin kimanin awa 8 zuwa 10 idan abinci ya wadata. Wannan daidaituwa ce ta sa masu nazarin rabuwar ƙwayoyin halitta suka rungume ta tun shekarun 1960, tun kafin a fara zancen wayonta. Wani abin da ke biyo bayan wannan tsari na jiki, wanda kuma akwatin ke nunawa da kyau, shi ne cewa idan aka yanka ta biyu da hantsaki kowane yanki zai ci gaba da rayuwa, idan kuma yankunan suka sake haɗuwa sai su narke cikin juna su koma halitta ɗaya.

Wurin da akwatin ya fi biyan kuɗinsa shi ne kallon jijiyoyinta. Jikin funfunar yakan kasu zuwa gaba mai faɗi da kauri wadda ke lalube, da kuma baya mai saƙaƙƙun jijiyoyi manya da ƙanana. A cikin waɗannan jijiyoyi ruwan jikinta yana gudu ya nufi gefe ɗaya, ya rage sauri, ya tsaya cik, sannan ya juya ya koma inda ya fito, kuma juyin yana faruwa ne kusan kowane minti ɗaya. A manyan jijiyoyi gudun yakan kai milimita ɗaya a daƙiƙa, wanda yana cikin mafi saurin gudun ruwa da aka sani a cikin ƙwayar halitta. Abin da ke tura ruwan shi ne matsewa da sakin bangon jijiyoyin, ta hanyar sinadaran furotin guda biyu, aktin da mayosin, waɗanda su ne dai ke matse tsokar jikin mutum. Tafiyar halittar gaba ɗaya tana samuwa ne saboda ruwan da ke zuwa gaba ya ɗan fi wanda ke komawa baya, kuma sashen da ya taɓa abinci yakan ƙara saurin bugawa ya janyo ruwa wajensa, wanda ya taɓa abin ƙi kuma ya rage. Da wannan kai-komo take cin santimita ɗaya ko 'yan santimitoci a awa. Abin takaici, gilashin da aka saka a akwatin bai da ƙarfin da zai nuna wannan gudu sosai. Mutum zai ga alamar motsi ne kawai idan ya dace da haske. Da ƙaramin madubin hangen ƙananan halittu mai ƙara girma sau 40, ana ɗora farantin a kife, sai a ga ƙananan ƙwayoyi suna tururuwa cikin jijiya, suna tsayawa, suna juyawa. Duk wanda zai sayi akwatin don koyar da yara ya nemi aron irin wannan madubi, domin idan babu shi an bar mafi kyawun abin kallo a rufe.

A batun ci ne nake da babbar ƙorafi. Littafin ya ce a ajiye ƙwayar ot ɗaya ko biyu kusa da halittar, kuma lallai takan same su, ta lulluɓe su da rawaya, ta bar su sun yi fari sun lalace bayan ta wuce. Daga nan littafin bai ƙara cewa komai ba, don haka yaron da ya yi kiwon zai tashi da fahimtar cewa funfunar yauƙi mai cin hatsi ce. Ot abincin ɗakin gwaji ne, an zaɓe shi saboda arha da tsabta da sauƙin ajiya. A daji wannan halitta mafarauciya ce. Tana bin jikin ruɓaɓɓen itace da ƙarƙashin ganyen da suka zube tana share bakteriya da yis da ƙurar irin naman gwari da sauran ƙananan halittun da ke zaune a kan abin da ke ruɓewa. Yadda take cin su shi ne ta miƙa jikinta ta kewaye ƙwayar, ta rufe ta cikin wata 'yar jaka a cikin jiki, ta zuba mata sinadaran narkewa, ta tsotse amfanin, ta fitar da tarkacen a bayanta. Abin da ya fi ƙarfin haɗiya kuma takan zuba masa sinadaran narkewa daga waje, shi ya sa wasu nau'o'in, har da wannan na cikin akwati, sukan hau kan naman gwarin da ke tsirowa a jikin kututture su cinye shi. Wannan bambanci yana da muhimmanci. Funfunar gaske tana kafa zaruruwa cikin abin da take ci tana ruɓar da shi, ita kuwa wannan ba ita ke ruɓar da itacen ba, masu ruɓarwar take ci. Da haka take rage yawan bakteriya, ta kuma saki sinadaran da ke kulle a jikinsu, irin su naitirojin, su koma ƙasa inda saiwoyin shuke-shuke za su same su. Ita ma abincin wasu ce, domin akwai ƙananan ƙwari na dangin buzuzu da rayuwarsu ta dogara da cin funfunar yauƙi da ƙurar irinta. Shafi ɗaya da ya bayyana wannan sarƙa da ya ɗaga darajar akwatin ƙwarai.

Kuma ba ta ci barkatai. A shekarar 2010 masaniyar Faransa Audrey Dussutour da abokan aikinta sun nuna cewa idan aka jera wa Physarum abinci iri-iri masu bambancin yawan furotin da sitaci, takan miƙa jikinta kan waɗanda haɗuwarsu za ta ba ta kimanin kashi biyu na furotin ga kashi ɗaya na sitaci, wanda shi ne awon da ta fi girma a kansa. Wannan gwaji ne da za a iya kwaikwayonsa a sauƙaƙe a gida, kuma yana da alaƙa kai tsaye da halin da take ciki a daji, inda abinci yake a warwatse, wani wuri mai kyau, wani wuri maras amfani. Littafin bai ambace shi ba.

Haka kuma bai ce komai ba game da danginta, sai ka ɗauka ita kaɗai ce a duniya. Masana sun bayyana kimanin nau'i 1,000 na irin wannan funfuna, kuma ana samun su a kowace nahiya: a kan ruɓaɓɓen kututture, cikin tarin ganye, a ɓawon rayayyen itace, a kan kashin dabbobi masu cin ciyawa, a jikin matattun tsirran hamada, har ma akwai waɗanda ba sa fitowa sai a bakin dusar ƙanƙara mai narkewa a kan tsaunuka. Akwai Fuligo septica mai yin tarin kumfa rawaya a kan ɓawon itacen da ake shimfiɗawa a lambu, wadda a shekarar 1973 ta tayar da hankalin mazauna wata unguwa kusa da birnin Dalas a jihar Tekzas ta Amurka har labarin ya shiga jaridu. Akwai Lycogala epidendrum mai fitowa a matsayin ƙananan dunƙule masu launin ja-ja a kan mataccen itace, da Stemonitis mai tsayar da siraran sanduna masu launin ƙasa a cunkushe. Tun tsakiyar ƙarni na 19 masanin Jamus Anton de Bary ya lura cewa waɗannan halittu suna tafiya suna haɗiyar abinci yadda dabba ke yi, ya cire su daga sahun naman gwari, kuma binciken bayanan gado na zamani ya tabbatar da cewa dangin amiba ne, wato ƙananan halittun nan masu ƙwaya ɗaya da ke tafiya ta hanyar miƙa jikinsu. Akwai kuma wani reshe dabam wanda akwatin bai taɓo ba ko da a jimla ɗaya, wato irin su Dictyostelium discoideum da masanin Amurka Kenneth Raper ya bayyana a 1935, inda dubun-dubatar amiba masu zaman kansu suke taruwa idan yunwa ta kama su, su zama jiki ɗaya mai rarrafe, wasu su mutu su zama kara domin sauran su hau sama su zama iri.

Idan aka daina ba funfunar abinci aka kuma bar haske ya same ta, sai ta tsaya da yawo, ta tattaru zuwa ƙananan ƙulle-ƙulle, cikin dare ɗaya su miƙe a kan siraran ƙafafu, kawunansu su rarrabu su yi duhu. Waɗannan su ne jakunkunan iri, kuma daga nan babu komawa baya, domin filasmodiyom ɗin ya ƙare kansa wajen yin su. Littafin ya sanya wannan a sashen matsaloli, ya ba da shawarar yadda za a kauce masa, kamar wani haɗari ne da ke lalata kiwo. Wannan ya ɓata mini rai, saboda a rayuwar halittar wannan ne babban al'amari. A daji takan bar cikin itace mai duhu da laima ta hau wuri mai ɗan tudu da bushewa domin iska ta kwashi ƙurar irin ta kai nesa. Ƙwayar irin da ta faɗa wuri mai danshi takan fashe, amiba ƙarama ta fito, wadda ido ba ya gani, ta shiga cin bakteriya tana rabuwa biyu-biyu. Idan ruwa ya yi yawa sai ta fitar da siraran wutsiyoyi ta yi iyo, idan wuri ya bushe ta naɗe kanta cikin ƙaramin ƙoƙo ta jira. Sai amiba biyu da jinsinsu ya dace sun haɗu sun narke cikin juna ne sabon filasmodiyom yake farawa, kuma a wannan nau'in jinsin ba biyu ba ne, haɗe-haɗen bayanan gadonsa suna ba da kimanin iri 720. Yawancin rayuwar waɗannan halittu a cikin ƙasa tana wucewa ne a wannan mataki na amiba da ba a gani, kuma rawayar da akwatin ke nunawa wani zango ne kawai. Ba na tsammanin akwatin gida ya iya nuna haɗuwar amiba, wannan aikin ɗakin gwaji ne, amma ya kamata ya umarci mai kiwo ya ware faranti ɗaya da gangan, ya hana shi abinci, ya kai shi kusa da taga, ya kalli yadda iri ke fitowa.

Gwaje-gwajen da littafin ya fi ba muhimmanci su ne na ruɗaɗɗiyar hanya, wato hanya mai lunguna da yawa waɗanda wasu ba su ɓulle ba, da na taswira. Na farkon ya samo asali daga aikin masanin Japan Toshiyuki Nakagaki da abokan aikinsa a shekarar 2000, na biyun kuma daga aikin Atsushi Tero da su Nakagaki a 2010, inda aka ajiye ƙwayoyin ot a wuraren da suka dace da garuruwa 36 da ke kewaye da Tokiyo, aka yi amfani da haske a madadin tsaunuka da teku tun da halittar tana gudun haske, sai ta saƙa jijiyoyi masu kama da layukan dogon yankin wajen gajarta da jure yankewa. Waɗannan bincike ne na gaskiya masu daraja, kuma takardun roba da aka saka don gina ruɗaɗɗiyar hanyar suna aiki, sai dai funfunar takan haura bangon idan akwai laima a kansa, abin da littafin bai yi gargaɗi a kai ba. Matsalata ita ce yadda aka ba da labarin. An nuna kamar halittar tana tsayawa ta yi tunani ta zaɓi hanya. A ainihin gwajin na 2000, an bar ta ne ta cika dukkan lungunan hanyar tukuna, sannan aka ajiye abinci a bakin shiga da bakin fita, sai ta janye daga lungunan da ba su ɓulle ba, ta bar jijiya mai kauri a kan gajeriyar hanya. Dalilin kuwa a bayyane yake ga wanda ya kalli jijiyoyinta da madubi: jijiyar da ruwa ya fi gudu a cikinta tana ƙara faɗi, wadda gudun ya ragu a cikinta tana tsukewa har ta ɓace, kamar turbar da ƙafa ta yawaita a kanta take faɗaɗa, wadda aka daina bi kuma ciyawa ta rufe ta. A ganina wannan bayani ya fi zancen tunani ban mamaki, saboda yana nuna yadda ƙa'ida mai sauƙi take warware matsala mai wuya, kuma yana mayar da mai karatu ga daji, inda halittar ke buƙatar haɗa wuraren abinci masu nisa da juna da jiki ɗaya ba tare da ta yi asarar jikin ba.

Gwajin da ya fi fita da kyau a hannuna shi ne na gishiri, inda ake zana layin ruwan gishiri tsakanin funfunar da abincinta, a ga yadda take tsayawa a bakin layin ta nemi kewayawa. Littafin ya haɗa shi da binciken da aka yi a birnin Tulus na Faransa a 2016, wanda ya nuna cewa idan aka tilasta mata ƙetare gada mai ɗacin kwinin ko kafeyin kullum, cikin 'yan kwanaki takan saba ta daina jinkiri, idan kuma aka huta da gwajin na kwana biyu sai ƙyamar ta dawo. A nan bayanin ya yi daidai kuma bai wuce gona da iri ba. Abin da aka manta shi ne farin yauƙin da take bari a duk inda ta wuce, wanda mai kiwo zai gan shi ya cika farantin. Chris Reid da abokan aikinsa a Jami'ar Sidni ta Ostireliya sun nuna a 2012 cewa tana guje wa wurin da yauƙinta yake matuƙar akwai sabon wuri, wato da shi take gane inda ta riga ta share. Ga halittar da ke kiwo a kan kututture, wannan ita ce dabarar da ke hana ta komawa fegin da ta cinye. Wannan kuma yana da amfani ga mai kiwo, domin shi ne dalilin da ya sa take neman tserewa daga tsohon faranti ko da akwai abinci a ciki.

Tserewar kuwa gaskiya ce, kuma tana cikin wahalhalun da ya kamata mai saye ya sani tun kafin ya biya kuɗi. Halittar takan hau bangon faranti ta bi ta ƙarƙashin murfi ta fito, don haka a riƙa ajiye farantan cikin wani babban mazubi mai murfi. Tana son zafi tsakanin digiri 20 da 25 a ma'aunin Salsiyos, idan ya wuce 30 takan raunana ta canza launi, firji kuma ya yi mata sanyi da yawa, saboda haka wanda ɗakinsa ke zafi zai nemi wuri mafi sanyi da duhu a gidan. Babbar abokiyar gabarta ita ce funfunar gaske, baƙa ko koriya, wadda ke tsirowa a kan tsohon ot. Maganinta shi ne a rage yawan abincin da ake sakawa, a cire ragowar da hantsaki mai tsabta, a kuma riƙa yanko gaban halittar ana mayar da shi sabon faranti bayan 'yan kwanaki. Wannan kiwo ne mai neman kulawa kusan kullum, ba abin da za a rufe a manta ba ne, kuma agan da ke cikin akwatin zai ƙare da wuri. Takarda mai tsotse ruwa da aka jiƙa tana iya maye gurbinsa, kodayake ba za a iya hango jijiyoyin da madubi ta cikinta ba. Shafin da ya fi kowane amfani a littafin shi ne wanda ya koyar da yadda ake mayar da ita barci: a bar ta ta hau kan jiƙaƙƙiyar takarda, a bar takardar ta bushe sannu a hankali cikin duhu, sai ɓawo ya sake samuwa. Bushewar gaggawa kashe ta take yi. Da wannan dabara akwati ɗaya zai iya yi wa aji hidima zango bayan zango.

Ga malamin kimiyya da ke da madubi kuma yake shirye ya cike giɓin da littafin ya bari, ina ba da shawarar sayen akwatin ba tare da wata tantama ba. Ga iyayen ƙananan yara kuwa, su sani cewa aikin dafa aga da sauya faranti a kansu zai faɗa. Wanda ya saya kuma ya yi amfani da ragowar farantan wajen abin da littafin bai koyar ba, wato dabarar ɗakin laima da masu bincike biyu, Gilbert da Martin, suka bayyana a 1933, wadda masana ke amfani da ita har yau wajen gano nau'o'in da ke wani yanki. Ana shimfiɗa takarda a faranti, a ɗora ɓallin ɓawon itace ko busassun ganye, a jiƙa su da ruwa su kwana, a tsiyaye ruwan, a rufe, a ajiye inda hasken rana ba ya bugawa kai tsaye, a riƙa dubawa da gilashi na tsawon makonni. Sau da yawa ƙananan jakunkunan iri, waɗanda da yawansu ba su wuce milimita ɗaya ko biyu ba, sukan bayyana a kan ɓawon, na nau'o'in da ke zaune a jikin itacen tun da farko suna cin abincinsu na asali.

Kafin a saya, a tambayi mai sayarwa lokacin da aka busar da ɓawon, domin ƙarfin farkawarsa yana raguwa da daɗewa, kuma ambulan ɗin da ya zo mini ba shi da kwanan wata a jikinsa. Idan an gama kiwon kuma, kada a zubar da halittar a lambu ko a juji da ranta. A saka farantan a firiza su daskare, ko a jiƙa su da ruwan bilic, sannan a ɗaure su cikin leda a jefar.